SABUNTA NA'URORIN JAGORAR JIRGIN RUWA BA TARE DA ZUBAR DA TSOFAFFI BA

Jiragen ruwa masu inji da ke aiki a ƙasar nan, tun daga masu kamun kifi da ke fita teku daga Legas da Fatakwal, da masu jan kaya tsakanin Warri da Anaca da Lakwaja, har zuwa na fito da na sintiri a manyan tafkuna, da yawa daga cikinsu ba sababbi aka sayo su ba. Na hannu ne daga ƙasashen waje, kuma sun iso da na'urorin da masu su na farko suka ɗaura musu shekara 20 ko 30 da suka wuce. Ran da ɗaya daga cikin na'urorin nan ta mutu, mai jirgi yakan sami kansa tsakanin shawara biyu. Dillali zai ce a tuge kome a sa sabo, abin da ke cin dukiya mai yawa, tun ba da yake da kuɗin waje ake sayo kayan ba. Mai gyara na bakin ruwa kuwa zai ce a sayo guda ɗaya tak, a murɗa wayarta da ta tsofaffin, in fitila ta kama shi ke nan. Shawarar farko ɓarnar kuɗi ce, ta biyu kuwa ganganci ce da rayukan mutane.

An shirya wannan bayani ne domin masu jirage da matuƙa da masu gyara, a nuna musu yadda ake sabuntawa da kaɗan-kaɗan, har sabuwar na'ura ta zauna lafiya da tsofaffin da ta tarar.

NA'URORIN DA AKE MAGANA A KANSU

A jirgi madaidaici na'urorin jagora ba su da yawa. Akwai GPS, wadda ke sauraron taurarin ɗan'adam ta faɗi inda jirgi yake a doron duniya. Akwai allon taswira, mai nuna jirgin a kan taswirar lantarki. Akwai ma'aunin zurfi, wanda ke da wani ɗan ƙoƙo a gindin jirgi mai aika amo ƙasa. Da yake amo yana tafiyar kimanin mita 1,500 a sakan ɗaya cikin ruwa, lokacin da amsa-kuwwa ta ɗauka kafin ta komo shi ke nuna zurfin. Akwai rediyon VHF na magana da neman ceto, da na'urar AIS wadda jirage ke sanar da juna sunayensu da inda suka dosa, da rada mai gani cikin duhu da hazo. Waɗansu jiragen kuma suna da na'urar riƙe akala, wadda ke tuƙi da kanta bisa hanyar da aka tsara mata. Sai kuma kamfas, kakan su duka.

A da kowace ɗaya zaman kanta take yi. Yanzu kuwa magana suke yi da juna: rediyo yana karɓar wurin da jirgi yake daga GPS, na'urar riƙe akala tana karɓar umurni daga allon taswira, allon kuma yana karɓar zurfi daga ma'auni. A nan amfaninsu yake, a nan kuma haɗarin yake. Na'urar da ta mutu murus ba ta cika jawo asara ba, gama matuƙi ya san ta mutu, sai ya nemi wata dabara. Wadda ke halaka jirgi ita ce mai haske da lambobi a fuska, alhali labarin da take bayarwa ba gaskiya ba ne.

ABIN DA YA SAMI JIRGIN ROYAL MAJESTY

Misali mafi shahara a kan wannan ya faru ne a gaɓar Amurka. Ranar 9 ga watan Yuni 1995 wani babban jirgin fasinja mai suna Royal Majesty ya tashi daga tsibirin Bamuda zuwa birnin Boston, ɗauke da mutum 1,509. Bai cika sa'a guda da tashi ba wayar eriyar GPS ɗinsa ta tsinke daga mahaɗinta. Na'urar ba ta mutu ba. Da ta daina jin taurari, sai ta koma lissafin ƙiyasi, watau ta riƙa auna inda jirgi ya kamata ya kasance bisa gudunsa da inda ya sa gaba, ba tare da sanin yadda iska da igiyar ruwa ke tura shi gefe ba. Ta yi ɗan ƙara na sakan guda, ta nuna waɗansu ƙananan haruffa a fuskarta, sa'an nan ta ci gaba da aika lambobin wuri zuwa na'urar riƙe akala, tare da wata alama a cikin saƙon mai cewa waɗannan lambobi ba abin dogara ba ne.

Na'urar riƙe akala, wadda wani kamfani dabam ya ƙera, ba a gina ta yadda za ta lura da wannan alama ba. Dukansu biyu harshe ɗaya suke ji a takarda, amma kowace da yadda ta fahimci gargaɗi. Jirgin ya yi ta tafiya fiye da kwana guda, allon taswira yana nuna shi daidai kan hanya, har daren 10 ga wata ya hau tudun yashi kusa da tsibirin Nantucket, ya kauce wa hanyarsa da mil 17. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano ƙarin abu biyu da ya kamata kowane matuƙi ya riƙe. Ƙararrawar ma'aunin zurfi an bar ta a kan sifiri, saboda haka ba ta yi kuka ba sa'ad da ruwa ya fara ƙarewa. Kuma akwai wata na'urar gano wuri a jirgin, mai aiki da tashoshin rediyo na tudu, wadda lafiyarta ƙalau, amma ba a riƙa gwada maganarta da ta GPS yadda ya kamata ba.

In haka ta faru ga jirgin da ke da hafsoshi masu takardar shaida da injiniyoyi, ƙaramin jirgin da aka haɗa wayoyinsa a gindin bishiya ya fi bukatar kula.

HARSUNA BIYU

Wata ƙungiyar masu sana'ar na'urorin jirgi a Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da NMEA, ita ta tsara ƙa'idodin da na'urorin nan ke bi wajen magana da juna. Biyu ne suka shafi mai jirgi.

Na farko shi ne NMEA 0183, wanda ya fito a 1983. Kusan duk tsohuwar na'ura shi take ji. Tsarinsa kamar na malami da almajirai ne: a kan waya ɗaya na'ura guda ce kaɗai ke magana, sauran 'yan kaɗan suna saurare. Saƙonninsa jimloli ne na rubutu, kowace ba ta wuce haruffa 82 ba, kuma kowace tana da suna mai haruffa uku: RMC da GGA suna ɗauke da wurin jirgi da lokaci, DBT da DPT zurfi, APB kuwa umurnin tuƙi. Gudunsa ɗigo 4,800 ne a sakan, watau kimanin haruffa 480, abin da bai fi cikakkun jimloli shida ba. Na'urar AIS tana da surutu da yawa, don haka ita ana ba ta gudun 38,400.

Daga wannan bayani kurakurai uku suke fitowa, kuma su ne aka fi yi. Ba a haɗa masu magana biyu a kan wayar mai sauraro ɗaya. In aka yi haka zancensu zai cakuɗe, wani lokaci ma ɗaya ta ƙone ɗaya. Wanda ke son haka sai ya sayi 'yar na'urar da ke karɓar zancen kowa ta jera shi bi da bi a waya guda. Na biyu, mai magana da mai sauraro tilas gudunsu ya zama ɗaya. Wanda ya haɗa AIS da ƙofar da aka saita a 4,800 ba zai ga jirgi ko ɗaya a allonsa ba, ya yi tsammani babu kowa a ruwa. Na uku ya fi ɓoyuwa. Na'urorin da aka ƙera bisa tsarin da ya gabaci gyaran 1992 suna aika saƙo ta waya ɗaya da wayar ƙasa, na bayansu kuwa ta waya biyu masu suna A da B. Tsohuwar mai magana da sabuwar mai sauraro galibi sukan jitu ba wahala. Amma in sabuwa ce ke magana, aka ɗaure wayarta ta B da ƙasa, ana iya ƙona mata baki. Launin waya kuma ba abin bi ba ne a tsofaffin kaya, domin kowane kamfani da nasa. Littafin na'ura shi ne alƙali.

Harshe na biyu shi ne NMEA 2000, wanda ya fito a farkon wannan ƙarni, aka aro tsarinsa daga wayoyin cikin manyan motoci. Shi kamar zauren shawara ne, kowa yana magana kowa yana ji. Akwai uwar waya guda da ke ratsa jirgi, kowace na'ura tana rataye da ita ta ɗan reshe, har na'ura 50. Gudunsa ɗigo 250,000 ne a sakan, ya ninka na tsohon fiye da sau 50, kuma wayar tana ɗauke da wutar da ƙananan na'urori ke ci. Ƙa'idodinsa kaɗan ne, amma ba a yi musu sassauci. Reshe ɗaya kada ya wuce mita 6, jimillar rassa kada ta wuce mita 78, uwar waya siririya kada ta wuce mita 100. A kowane ƙarshe na uwar waya ana sa murfi mai tsayayya ta om 120, biyu ke nan cif, ba ɗaya ba, ba uku ba. Mai gyara yana iya tabbatar da wannan cikin minti guda: ya kashe wuta, ya sa mitar gwaji tsakanin farar waya da shuɗiya. In ya ga om 60, daidai ne. In 120, murfi ɗaya ya ɓata. In 40, an sa uku. Tsarin yana aiki da wutar bolt 12, saboda haka jirgin da batirinsa 24 ne lalle ya sa na'urar rage wuta a tsakani.

Waɗansu kamfanoni sun sa wa wannan harshe nasu sunan da nasu irin kan waya, kamar SeaTalkng na Raymarine da SimNet na Simrad. Zancen ɗaya ne, wayar juyi kawai ake bukata. Amma tsohon SeaTalk na farko harshe ne dabam, shi sai da na'urar fassara tasa.

TAFINTA

Abin da ke haɗa tsofaffi da sababbi wata 'yar na'ura ce da ba ta fi tafin hannu ba, wadda za a iya kira tafinta. Gefe ɗaya tana rataye da uwar wayar NMEA 2000, ɗaya gefen tana da wayoyin NMEA 0183, tana juya zancen wannan zuwa harshen wancan. Kuɗinta bai kai na ko ɗaya daga manyan na'urori ba, kuma da ita tsohon rediyo da tsohuwar na'urar riƙe akala za su ƙara shekaru suna aiki. Sababbin allunan taswira da yawa yanzu ba su zuwa da ƙofar tsohon harshe sam, saboda haka a tambaya tun kafin a biya kuɗi.

Sai dai tafinta ba ya fassara abin da bai sani ba. Kowane iri yana da jerin jimlolin da yake juyawa, an buga shi a littafinsa. Kafin saye, mai jirgi ya buɗe littafin tsohuwar na'ura ya ga jimlar da take jira, sa'an nan ya duba ko tana cikin jerin. Har ila yau, tun da sabon harshe kogi ne tsohon kuwa 'yar magudana, in aka bar tafinta ya kwarara kome da kome, wayar za ta cika, saƙo ya riƙa makara ko ya ɓace. Ana saita shi ne ya tace, ya bar jimlolin da ake bukata kaɗai.

Akwai wata 'yar matsala da ta sha wahalar da masu gyara. Tsofaffin na'urorin GPS taurarin Amurka kaɗai suke ji, kuma jimlolinsu suna farawa da haruffan GP. Sababbi suna haɗawa da taurarin Rasha da na Tarayyar Turai da na Sin, sai su fara jimla da GN. Wani tsohon rediyon bai san GN ba, yakan yi kunnen uwar shegu da saƙon ɗungum. Maganin yana cikin saiti: a umurci tafinta ko sabuwar na'urar ta koma rubuta GP.

In jirgi ya zama yana da GPS biyu, tsohuwa da sabuwa, a zaɓi guda wadda sauran na'urori za su bi, a rubuta wadda aka zaɓa. Ɗayar ta tsaya ita kaɗai da eriyarta, kada a haɗa ta da kowa, domin ta zama shaida ta biyu.

ABIN DA ZA A RIƘE DA ABIN DA ZA A YAR

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ba kowane tsohon abu ne zuma ba. Waɗansu na'urori lafiyarsu lau, sai dai tashoshin da suke saurare an rufe su. Tsarin taurarin Transit ya daina aikin jagora a 1996. Tsarin Omega, wanda ɗaya daga tashoshinsa 8 take a Laberiya, an rufe shi a watan Satumba 1997. Tashoshin Decca na Ingila sun yi shiru a shekara ta 2000, Amurka kuma ta kashe nata Loran-C a 2010. Duk wanda ya tarar da irin waɗannan a jirgin da ya saya, ya cire su ya sami fili.

Wadda ta fi waɗannan haɗari ita ce tsohuwar na'urar kururuwar neman ceto, wadda ake jefawa ruwa in jirgi zai nutse. Tun ranar 1 ga Fabrairu 2009 taurarin ceto suka daina sauraron megahaz 121.5 da 243. 406 kaɗai suke ji. Tsohuwar za ta kunna fitila ta yi ta kuka, amma babu tauraron da zai kai labari.

Tsohuwar GPS kuwa sai an gwada ta. Taurarin suna ƙirga makonni ne har 1,024, sa'an nan ƙirgar ta koma sifiri, kusan kowace shekara 20. Haka ta faru a watan Agusta 1999, ta sake faruwa a Afrilu 2019. Waɗansu tsofaffin na'urori sun ruɗe, suna nuna wuri daidai amma kwanan wata na shekarun baya. Mai shiga bakin kogi daga teku, wanda ke dogara da na'ura ta lissafa masa cikar ruwa da janyewarsa, wannan kuskure ya ishe shi zama kan yashi. A duba kwanan watan da take nunawa. In ya kauce kuma kamfanin ba shi da gyara, kada a bar ta ta ciyar da wata na'ura.

Abubuwan da suka fi cancantar riƙewa su ne masu wuyar ɗaurawa. Ƙoƙon ma'aunin zurfi da aka huda gindin jirgi aka dasa, sauya shi sai an fid da jirgi tudu. Yawancin tsofaffin suna aiki a kilohaz 200 ko 50, ko duka biyu, kuma sabon ma'auni yakan karɓe su da wayar juyi muddin zangon amo da ƙarfin wuta sun dace. Ga kogi da tafki mai 200 ya wadatar, mai 50 na zurfin teku ne. Kada a yanke wayar ƙoƙon don a ƙara mata tsawo, kuma kada a kunna ma'auni biyu masu zango ɗaya a lokaci guda, gama kowane zai ji amsa-kuwwar ɗan'uwansa. Haka kuma famfon mai ko injin da ke juya akala galibi yakan zauna, ƙwaƙwalwar na'urar kaɗai ake sauyawa.

Rada ita ce ba ta da sulhu. Hotonta ba ya bi ta ɗaya daga harsunan nan biyu, kuma kwanon da ke bisa rufi da allon da ke ɗakin tuƙi tilas su zama na kamfani ɗaya, sau da yawa ma na zamani ɗaya. Tsohuwar rada mai aiki a bar ta da allonta. Za ta ci gaba da nuna gaɓa da jirage cikin hazon hunturu kamar yadda ta saba.

REDIYO DA LAMBAR JIRGI

Rediyon VHF na zamani yana da wani jan maɓalli a ƙarƙashin murfi. In aka danna shi aka riƙe, yana aika kiran ceto ta tasha ta 70, ɗauke da lambar jirgi da wurin da yake, ƙararrawa ta tashi a duk rediyo irinsa da ke kusa, sa'an nan a koma tasha ta 16 a yi magana da baki. Ga jiragen da ke gaɓar teku, hukumar NIMASA tana da cibiyar shirya ceto a Legas. Amma wurin da rediyo ke aikawa, in ba shi da GPS a cikinsa, daga waje ake ba shi. Sau da yawa akan cire tsohuwar GPS a sa sabon allo, a manta cewa 'yan wayoyi biyu da aka yanke su ne ke ciyar da rediyo. Rediyon zai ci gaba da magana lafiya lau, ba wanda zai lura, sai ranar da aka danna jan maɓalli kira ya tafi babu wuri. Bayan kowane gyara a dubi fuskar rediyo a tabbata lambobin wuri suna nan, kuma suna sauyawa in jirgi ya motsa.

Lambar jirgi, wadda ake kira MMSI, tana da alƙaluma 9, uku na farko suna nuna ƙasa. Na Nijeriya 657 ne. Jirgin da aka sayo na hannu yakan zo da lambar tsohon mai shi a cikin rediyo da AIS da na'urar kururuwa. In ba a sauya ba, ranar haɗari masu ceto za su nemi wani mutum a wata ƙasa, su ɓata sa'o'i masu tsada. Galibin rediyo ba su yarda a sake lambar da hannu sai an kai wa wakilin kamfani. A yi wannan tun jirgi bai fara aiki ba.

TASWIRA, DA MAGANAR MINNA

Tsofaffin taswirorin safiyo na ƙasar nan an zana su ne bisa ma'aunin da ake kira Minna, domin a can aka kafa tushensa. GPS da taswirorin lantarki kuwa suna bin ma'aunin duniya mai suna WGS 84. Wuri ɗaya, in aka karanta shi a ma'aunan biyu, bambancin yakan kai kusan mita 100. A tsakiyar teku wannan ba kome ba ne. A mashigin kogi ko ƙarƙashin gada kuwa shi ne tsakanin hanya da tudu. Kowace taswirar takarda tana faɗin ma'auninta kusa da sunanta. Wanda zai kwashe wuraren da ya adana a tsohuwar na'ura zuwa sabuwa, ya fara duba ma'aunin da tsohuwar take kai, domin waɗansu suna aika lambobi ta waya bisa ma'aunin da aka zaɓa musu a fuska. Dukan na'urorin jirgi su zauna a kan WGS 84.

Ma'aunin zurfi ma yana da nasa tarkon. Wani yana ƙirga da mita, wani da ƙafa, wani da gaba, wadda take ƙafa 6. Matuƙin da ya saba ganin 3 a tsohon ma'auni ya san mita 3 ne, in aka kawo masa sabo da aka saita da ƙafa, 3 ɗin nan ba ta kai mita guda ba. Sa'an nan a san daga ina ake ƙirgawa: daga ƙoƙon, ko daga fuskar ruwa, ko daga mafi ƙasan gindin jirgi. A tsaya wuri mai kwanciyar ruwa, a auna da gora ko igiya mai dalma, a saita na'ura ta yi daidai, a kuma sa ƙararrawarta a zurfin da zai ba matuƙi lokacin rage gudu.

A kogunan Kwara da Binuwai ma'aunin zurfi ya fi allon taswira daraja. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, tsawon kilomita 572, amma yashi ba ya zama wuri ɗaya. Kowace cikar ruwa da inda take ajiye shi. Layin da allo ya adana na tafiyar bara yana iya ratsawa ta kan tudun bana. A Kainji kuma, inda ruwa ya rufe gonaki da dazuzzuka bayan gama dam a 1968, kututturan itatuwa suna nan ƙarƙashin ruwa, babu taswirar da ta ƙirga su. Sanin tsofaffin matuƙa da sarakunan ruwa na wurin bai tsufa ba. Abin da ya dace shi ne a bi da su a hankali, a riƙa sa alamar kowane mugun wuri a cikin na'ura. Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, ta sha yin gargaɗi kan lodi fiye da kima da tafiyar dare da rashin rigar ceto, kuma babu na'urar da ke ɗauke wa mai jirgi waɗannan.

WUTA DA GWAJI

Yawancin abin da ake ɗora wa na'ura laifinsa, laifin wuta ne. Lokacin tayar da inji ƙarfin batir yakan faɗi, sababbin alluna su mutu su sake tashi, wani lokaci daidai sa'ad da ake bukatarsu. Batir na dabam domin na'urori shi ne magani. Kowace na'ura ta sami fis nata daidai girman da littafinta ya faɗa. Uwar waya a ba ta wuta daga wuri ɗaya. A ruwan gishiri a yi aiki da waya mai rufin kuza, domin jan ƙarfe tsirara yakan yi kore ya rube cikin 'yan watanni. Wayar ma'aunin zurfi kada ta bi hanya ɗaya da manyan wayoyin inji. Duk na'ura mai lasifika ko maganaɗisu a nisanta ta da kamfas gwargwadon tazarar da aka rubuta a jikinta, a kuma duba ko allurar ta motsa sa'ad da aka kunna ta.

Haɗa kome a waya ɗaya yana da aibi guda: tsawa ɗaya ta damina, ko ruwa ya shiga mahaɗi ɗaya, na iya kashe su duka tare. Saboda haka kamfas na maganaɗisu, da taswirar takarda inda akwai ta, da gorar awo, da ƙaramar GPS ta hannu mai aiki da batirin tocila, su zauna a jirgi ko da an sa na'urori na ƙarshen zamani.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Na'ura ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a gwada, sa'an nan a wuce ga ta gaba, domin in matsala ta ɓullo a san daga inda ta fito. Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne wanda jirgin Royal Majesty ya koyar. Da rana, a wuri mai fili, babu fasinja, a rufe eriyar GPS da kwanon ƙarfe, ko a kashe na'urar a cire wayar eriyar a sake kunnawa, sa'an nan a lura da abin da kowace na'ura za ta yi. Allon taswira ya kamata ya yi ƙara ya nuna ya rasa wuri. Na'urar riƙe akala ya kamata ta yi kuka ta daina bin hanyar da aka tsara. Rediyo ya kamata ya nuna wurin da ke hannunsa ya tsufa. Duk wadda ta yi shiru ta ci gaba kamar ba abin da ya faru, a san da ita, a gyara saitinta, in kuwa ba ta gyaruwa a raba ta da sauran.

In an gama, mai gyara ya zana hoton wayoyin a takarda: wace na'ura ke magana da wace, da wane gudu, ta waya mai wane launi, ina tafinta yake, ina murafan ƙarshe suke, ina kowane fis yake. A liƙa wa kowace waya suna a bakinta. Kofi ɗaya a sa shi cikin leda a ɗakin tuƙi tare da littattafan na'urorin, ɗaya kuma mai jirgi ya ajiye a gida, kada a biya cikon kuɗin aiki sai an karɓi wannan takarda.